Kalmar da Sumar Ya Daina Amsawa

Yayana Sumar bai cika shekara bakwai ba ya zama kaka. Inna ta aike shi kasuwar Tando Bago sayo gishiri, sai wani tsoho mai farin gemu da ke kokawa da buhun albasa ya hango shi ya ce, “Ɗaɗa, zo ka kama mini.” Ya kama masa, ya sheƙo gida ba gishiri ba dalilinsa, yana dariya har da riƙe ciki, wai yau ya yi jika mai gemu. Ni ina goye a lokacin, labarin aka ba ni. An ce Inna ko murmushi ba ta yi ba, ta dai ce ya koma ya sayo mata gishirinta.

A Sindanci, Ɗaɗa shi ne kakanka da ya haifi ubanka. Amma a bakin mutanen ƙasarmu kalmar tana da aiki na biyu, da ita ake kiran duk namijin da yake ɗan Shidi. Mu ne Shidi, baƙaƙen ƙasar Sindh, jikokin waɗanda aka ɗebo daga gaɓar Afirka cikin jiragen ruwa aka sayar wa manyan gidaje. Yaro ne kai ko tsoho, in dai fatarka da gashinka irin namu ne, to kai Ɗaɗa ne. Kuma ba da tsawa ake faɗa ba. Da fara'a ake faɗa, wani har ya ɗora hannu a ƙirji. Akwai kalmomin da ake jifan mu da su waɗanda kowa ya san zagi ne, ba zan ɓata bakina da su ba. Wannan kuwa ba ta yi kama da zagi ba, shi ya sa muka girma muna amsawa.

Sumar ya kama aikin tanderu tun gemunsa bai fito ba, kuma a nan ya tsufa, a wata 'yar rumfa da ke bakin tashar mota, jikin shagon shayi na Gaman. Wanda ya gina tanderun ya gina shi yana kallon bango saboda iska, don haka mai gasa gurasa dole ya ba titi baya. Rabin garin nan sun fi sanin ƙeyar Sumar a kan fuskarsa. Yana durƙushe a kan dakali, ya mari curin kwaɓi tsakanin tafukansa, ya zura hannu har kafaɗa cikin wutar ya manna, ya zaro wadda ta nuna da ƙugiya. Ko gashi ɗaya babu a hannunsa na dama. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne kunnensa. Mutum zai tsaya a bayansa ya ce, “Ɗaɗa,” shi ke nan bai ƙara komai ba, sai ka ji Sumar ya ce, “Na'am Hashim, masu ɗan ƙuna ko? Ya ƙafar tsohuwa?” Bai juyo ba. Ya san muryar kowa, da sunansa, da sunan ubansa, da wanda ciwon haƙori ya hana shi cin mai tauri.

Matarsa Nuran ta rasu ta bar masa ɗa guda, Sarang, yana farkon firamare. Ni kuma aurena ya mutu a wajen wannan lokacin, wanda ya san bakina ba zai tambayi dalili ba, sai na dawo gida da aikina na ungozoma muka reni yaron tare. Sumar bai sake aure ba. Bai iya karatu ba in ban da na salla, amma Sarang bai taɓa fashin makaranta don ya taya shi aiki ba, ko da ranar kasuwa ce. In yaron ya raɓi tanderun sai ya kore shi da ƙugiya. Shekarar da ambaliya ta ci gidajen unguwarmu, muna zaune a kan gaɓar kogi cikin tantin leda, Sumar ya haƙa rami ya yi tanderun laka yana ciyar da mutane, amma littattafan Sarang suna ɗaure a kansa cikin rawani don kada su jiƙe. Haka ya yi ta tura shi gaba har ya zama Dakta Sarang, malamin nazarin harshe a wata jami'a a Haidarabad, ya auri Shabnam, malamar makaranta mai haƙuri da surutuna.

Buri ɗaya na san Sumar da shi, kuma ba ya ɓoye shi. Yakan ce da ni, “Jannat, kin ga duk garin nan jikokina ne, amma har yau ba wanda ya taɓa yi mini fitsari a cinya.” Sai ya yi dariya. Ni na san ba wasa ne zalla ba. Mutumin da aka fara kira kaka tun yana yawo ba takalmi, so yake ya ji kalmar daga bakin wanda yake da haƙƙin faɗarta.

Ana nan sai Sarang ya rubuta maƙala a wata jaridar Sindanci a kan wannan kalma. Ni na karanta wa Sumar ita a tsakar gida, yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi. Sarang ya ce kalmar igiya ce da aka naɗe da alharini. Ya ce a manyan gidaje an riƙa kiran bawa kaka ne don kada a kira shi da sunansa, kuma wanda ka mai da ɗan'uwa a baki kawai, ba ka jin nauyin hana shi haƙƙinsa. Ya ce a duba a gani, wace ƙabila ce kuma a ƙasar nan ake kiran jaririnta da tsohonta da suna ɗaya? Sumar ya saurara har ƙarshe, ya ce yaron ya iya tsara magana, ya nemi in ƙara masa ruwan zafi.

Ba a jima ba maganar ta cika jaridu da gidajen talabijin da wayoyin samari. Wanda ya fi tsaya wa Sarang a gaba kuwa malaminsa ne, Farfesa Inayat, dattijon da ya ƙare rayuwarsa kan ƙamus na Sindanci. Ba ɗan Shidi ba ne, amma shi ya ba Sarang ɗaki a gidansa lokacin da masu gidajen haya suke ganin fuskarsa su ce an riga an kama. Shi cewa ya yi harshe ba kotu ba ne, kalma takan fito daga mummunan gida ta yi kyakkyawan zama, kuma in aka hana talaka kalmar girmamawa guda da yake da ita ga maƙwabcinsa baƙi, ba shiru zai yi ba, mummunar zai ɗauko. Wata lauya 'yar Shidi daga Karachi, Zebunnisa, ta haɗa su duka biyun ta wanke su tas, ta ce 'yan matanmu na can ana mai da su gida daga neman aiki saboda fuskarsu, malamai biyu sun zauna suna auna kalma. Wasu suka ce Sarang daga littattafan Amurka ya kwaso rigimar. Wasu suka ce da ma can muna jin abin a jikinmu, bakin faɗa ne ba mu da shi. Ni kam duk wanda na karanta sai in ga ya yi gaskiya, har sai na karanta na gaba, abin ya riƙa ba ni haushi.

Ranar da aka haɗa Sarang da Farfesa a talabijin, da la'asar aka nuna, kuma tashar mota ta tsaya cak. Gaman ya fito da akwatin talabijin ɗinsa bakin ƙofa, direbobi da 'yan dako da masu sayar da kankana suka cika benci. Sumar ya zauna can baya da mayafinsa na ajrak, mai zanen gargajiyar ƙasarmu, a kafaɗa, ni kuma ina tsaye daga cikin rumfar tanderu.

“Kai, ku dubi ɗan Ɗaɗa da kwat!” in ji wani direba. “Wallahi sai ka ce minista.”

“Minista ina? Wannan ai ya fi minista iya zuba. Gwaggonsa ya gado.”

Na ce, “Ci gaba dai. Ni na karɓi haihuwarka, na san abin da zan faɗa a kanka.” Aka kwashe da dariya.

An yi ta musayar magana cikin ladabi, Sarang yana ce masa Sayin, wato ranka ya daɗe, Farfesa yana ce masa ɗana. Can wajen ƙarshe Farfesa ya cire tabarau ya ce, “Ɗana, tambaya ɗaya. In Allah ya ba ka haihuwa, abin da aka haifa ya buɗe baki, me zai kira mahaifinka?” Ya san Shabnam na da juna biyu, mu ma mun sani.

Sarang ya dubi malaminsa. Ya ce, “Sayin, muddin ana kiran mahaifina da wannan kalma a titi, mutanen da suka girma da gurasarsa ba sa kiran sunansa, to ba za a faɗe ta a gidana ba. Na rantse.”

Wasu suka tafa. Wasu suka waiwaya suna neman Sumar, amma ya riga ya tashi ya koma bakin wutarsa. Na tare shi ina tafasa. Na ce, “Yaya, ka ji ɗan nan? Mu muka wanke masa kashi, yau shi zai tsaya gaban duniya ya yanke abin da jikanka zai kira ka? Bari ya zo, sai na ja kunnen nan, da digirinsa da komai.”

Ya manna gurasa ya zaro hannu, ya ce, “Jannat, ke matsalarki ba kya sauraro. Muddin ya ce.”

“Muddin me?”

“Muddin dai.” Bai ƙara ba, ni kuma ban gane ba.

Aka haifi mace, aka sa mata Rabel. Muka tafi Haidarabad suna da kwandon gurasa mai zaƙi da dabino. Sumar ya karɓe ta a hannun nan nasa mara gashi, ya zuba mata ido. Sarang ya durƙusa kusa da shi ya ce a hankali, “Baba, mun yi shawara da Shabnam. Baba Babba za ta riƙa ce maka.” Sumar ya ce to, Allah ya raya ta.

Ni ban ce to ba. Na ja Sarang kicin na turo ƙofa. Na ce, “Kai, rantsuwa ai ana yi mata kaffara. Ka ciyar da miskinai ka huta, ubanka ma zai gasa maka gurasar. Tsohon nan tun kafin a haife ka yake jiran kalmar nan.”

“Gwaggo, kin zaci ban sani ba?” Idonsa ya kaɗa. “Ranar da na fara zuwa aiki a matsayin malami, mai gadi ya gai da na gabana Sayin, ya gai da na bayana Sayin, ni kuma ya ce, Ɗaɗa, ina za ka, masu kawo kaya ta baya suke bi. Da fara'arsa, Gwaggo. Ba mugu ba ne. In 'yata ta girma ta ji abin da take kiran kakanta shi ne abin da ake kiran duk baƙin da ba a damu a san sunansa ba, me na koya mata? Ba rantsuwar ce ta ɗaure ni ba. Kunnena ne ba zai iya ɗauka ba.”

Na fito na bar shi yana wanke fuska a famfo.

Washegarin dawowarmu Sumar ya hura tanderu kamar kullum. Mitho tela ne ya fara zuwa, abokinsa tun na ƙuruciya. Ya ce, “Ɗaɗa.” Shiru. Ya ce, “Ɗaɗa, ko a Haidarabad ka baro kunnuwan?”

Sumar yana fuskantar bango, ba faɗa ba fushi, ya ce, “Sunana Sumar.”

“Yau kuma? To ai na sani.”

“To faɗa mana.”

“Kai dai Allah ya shirye ka, tsufa ya zo da gardama. Sumar, ba ni gurasa in tafi.”

“Na'am Mitho. Ga ta nan tafe.”

Daga ranar abin da ya kama ke nan. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai ɗaga murya ba, bai taɓa ambaton jarida ko ɗansa ba. In ka ce Ɗaɗa, zai faɗa maka sunansa ya ci gaba da aikinsa. In ka kira sunan, ya amsa maka da naka. In ka ƙi, kana iya tsayawa har tanderun ya huce. A masallaci haka, a hanya haka, a gidan biki haka. Sai a lokacin na gane abin da ya ji a cikin muddin ɗin nan. Ɗansa ya ce ba za a faɗi kalmar a gida ba sai an daina faɗarta a titi, shi kuma ya ɗaura aniyar bin mutanen garin ɗaya bayan ɗaya ya karɓe ta daga bakinsu. Ga gari guda a gefe, ga tsohon da ko sunan nasa bai iya rubutawa ba, ga jaririya a Haidarabad da kullum harshenta ke ƙara kusantar magana.

Ya sha wuya. Wasu suka koma tanderun bayan asibiti, suka ce ɗan boko ya ɓata tsoho. 'Yan tasha suka laƙaba masa Sayin Farfesa Sumar, ya ce ya karɓa tunda akwai Sumar a ciki. Abin da ya fi ci masa rai namu ne. Dattawan unguwarmu suka zo har gida, suka ce kalmar nan gadonmu ce, da ita iyayenmu suka shiga zauren da ba kowa ke shiga ba, wa ya aike shi ya zubar mana da ita? Ya ba su shayi, ya ce shi bai hana kowa amsa tasa ba. Bayan sun fita ya daɗe zaune yana murza gwiwa.

Akwai Haji Sawan mai gonakin rake, wanda kakanninmu suka yi wa kakanninsa bauta. Tun yana saurayi ba ya cin gurasar kowa sai ta Sumar, kuma da kansa yake zuwa, don ya ce direba bai iya zaɓe ba. Lokacin jinyar Nuran motarsa ce ta kai ta asibiti a Badin. Ya dawo daga wata doguwar tafiya bai san abin da ake ciki ba, ya zo da safe da sandarsa ya ce, “Ɗaɗa, mun same ku lafiya?” Mutanen da ke layi suka yi tsit, kowa na son ya ga ko za a yi wa Haji abin da ake yi wa kowa.

Sumar ya ce, “Lafiya lau, Haji, barka da dawowa. Amma daga yau da sunana za ka kira ni.” Bai faɗi sunan ba. A ganinsa girmamawa ce, kada ya gaya wa mutum irin Haji abin da ya riga ya sani.

“To, to, ai ba komai,” in ji Haji. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi na kusa da shi, ya dubi sandarsa. Ina tsaye ina naɗe wa mutane gurasa a takarda, na ga fuskarsa ta yi ja har kunne. Ba mantuwa ba ce. Bai taɓa sani ba.

Sumar ya juyo gaba ɗaya, abin da ba ya yi wa kowa. Suka dubi juna, kuma wallahi ban san wanda ya fi jin ciwo a cikinsu ba. Sai ya ce, “Sumar ne, Haji. Ɗan Jumman.” Haji ya juya ya tafi bai karɓi gurasa ba, muka ce shi ke nan an rasa shi. Ya yi kwanaki ba a gan shi ba. Ranar da ya dawo, tun daga bakin titi ya ɗaga sanda ya ƙwala, “Sumar ɗan Jumman!” har tantabarun tasha suka tashi. Daga nan abin ya fara sauƙi, don wanda Haji ya kira da suna, ɗan dako ba zai tsaya gardama a kansa ba.

Labari ya kai Haidarabad, masu rubutu suka sami sabon abin ja. Waɗannan su ce ga hujja ta fito, waɗancan su ce an jefa tsoho cikin wahala don ɗa ya ci gardama. Farfesa Inayat ya rubuta cewa har gobe yana kan bakansa game da kalmar, amma ba zai yi jayayya da mutumin da ya nemi a kira shi da sunansa ba. Zebunnisa ta ce duk wannan bai sama wa yarinya ko ɗaya aiki ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Wasu samari suka zo da kyamara daga Karachi su yi hira da shi, suka koma da hoton ƙeyarsa. Sarang kuwa ya bugo wa ubansa waya.

“Baba, ni ban ce ka yi wannan ba.”

“Na sani. Ya Rabel? Ta fara cewa me?”

“Tana cewa Mama. Da ruwa.”

Sumar ya miƙo mini wayar ya koma kan dakalinsa. Da yamma na tambaye shi, “Yaya, tsakaninka da Allah, kalmar nan mummuna ce ko kyakkyawa?” Ya ce, “Ina na sani? Masu karatu ma sun kasa rabawa. Ni dai na amsa ta ga kowa har ta zama ba ta kowa ba. So nake in yarinyar nan ta iso ta tarar ba kowa a kai.” Na zauna ina kallon sa kamar yau na fara ganin sa, wannan mutumin da muka fito ciki ɗaya.

Da ƙaramar salla suka zo. Rabel ta fara haɗa kalmomi, tana tafiya tana faɗuwa. Baba Babba take ce masa, ko dai abin da ya yi kama da haka, shi kuma yana amsawa da fara'arsa. Ni ce abin yake sukar raina. Washegarin salla Sumar ya fita tanderu da sassafe, don baƙi sun cika gari. Da hantsi Sarang ya saɓa 'yarsa a kafaɗa ya ce zai je shan shayi wurin Gaman, na bi su da farantin kwaɓi a ka.

Bai sha shayin ba. Ya tsaya jikin ginshiƙin rumfa yana sauraro. “Sumar, miƙo nawa.” “Kawu Sumar, Mama ta ce masu laushi.” “Sumar ɗan Jumman, yau ba za a ci ba ne?” Wani kwandastan motar Badin, baƙo, ya leƙo ya ce, “Ɗaɗa, yi sauri, mota za ta tashi.” Kafin tsohon ya buɗe baki, layin gaba ɗaya ya amsa, “Sunansa Sumar!” Kwandasta ya ja da baya ya ce, “To Allah ya ba ku haƙuri, sai ka ce waliyyi na zaga.”

Ba a gama ba, kuma Sarang ya san ba a gama ba. Gobe wata motar za ta kawo wani baƙon, kuma tashar Tando Bago ba ita ce ƙasar Sindh ba. Na ga yana kallon ƙeyar ubansa, da furfurar da gumi ya jiƙa, da hannun da ke shiga wuta yana fita. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke Rabel ƙasa, ya tsuguna, ya nuna mata bayan tsohon, ya raɗa mata wani abu a kunne, ya sake raɗawa.

Ta taka a hankali har bakin dakali, ta kama gefensa da hannu biyu.

“Ɗaɗa.”

Bai motsa ba. Kunnen nan da ke gane kowa, ya daɗe yana horar da shi ya toshe da zarar an fara kalmar, har ba ya tsayawa jin muryar wa ce. Yarinyar ta waiwayo ta dubi ubanta. Ya gyaɗa mata kai. Ta cika ƙirji da iska ta ƙwala.

“Ɗaɗa!”

“Sunana Sumar,” in ji shi, yana fuskantar bango, ya miƙa hannu ya ɗauki wani curin.

Leɓen yarinyar ya fara rawa. Mitho da ke cikin layin ya yunƙura zai yi magana, Haji Sawan ya dafe masa hannu, don ba maganarmu ba ce. Ni kuwa ina addu'a a zuci kada ta fashe da kuka ta gudu. Sai Sarang ya miƙe tsaye. Mutumin da ya rantse a gaban duk ƙasar, ya faɗa da ƙarfi yadda har masu shan shayi suka ji.

“Baba, juyo. Ɗaɗa take kira. Ɗaɗanta. Kai ne.”

Hannun Sumar ya tsaya a sama da curin a ciki. Gurasar da ke cikin tanderu ta fara ƙauri, ba wanda ya ce a cire. Ya juyo a hankali a kan gwiwoyinsa, ya dubi ɗansa, sannan ya sauke ido ƙasa ya gan ta riƙe da bakin dakali, ta ɓata fuska. Ya ajiye curin. Ya goge hannunsa a riga, ya sake gogewa.

“Sake faɗa, uwata,” ya ce. “Ban ji ba ne. Wallahi ban ji ba.”

Ta ja hanci, ta harare shi, sannan ta faɗa.

“Na'am,” in ji Sumar.